Ɗiyar Masunta da Ba Ta Cin Kifi

Garou, farkon watan cika-ciki

Zuwa ga taubashina Sidiki, a Guéné.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rukaiya da Gwaggo Aissa da shanunka marasa kunya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke tashi in an yi ruwa. Nafisatu tana gaishe ku, Inna ma haka. Ka shafa mini kan ɗiyata Samiha.

Kada ka yi dariyar rubutuna. Ka san ban yi nisa a lakkol ba Baba ya maida ni cikin jirgi. Da ta salula zan faɗa maka, amma wajenku rezon waya sai an hau tudu, wajenmu kuma in na buɗe baki duk gida ya ji. Shi ya sa na ba Latifu direba wagga takarda.

Shekara ta juyo, cika-cikin bara bai fita kaina ba. Kai labari ka ji, ni na gani. Da can in Samiha ta ci kifi sai borin jini ya feso mata, mu ce zafi ne. Ran nan ana cikin cin tuwo Inna ta ɓare tsokar tarwaɗa ta sa mata a baki, tana cewa yau ba yaron da zai tashi da sauran wuri a ciki. Kafin a miƙa ruwa leɓenta ya kumbura, numfashinta yana fita da ƙara kamar kukan ɗan kyanwa. Na ɗauke ta a moto mai ƙafa biyu sai Malanville, Nafisatu tana baya tana riƙe da ita tana salati. Lokotoro ya yi mata allura, ya ce alerji ne. Jikinta ya ƙi kifi, tsokarsa da romonsa da mansa, har hayaƙin banda. Na ce mishi, “Lokotoro, gidanmu fa ko bango kifi ne.” Ya ce to a fitar da ita daga gidan. Kai ka zo ka ɗauke ta, ba wanda ya roƙe ka. Ban manta ba.

Amma akwai abin da na gani da na zo muku sallar layya, yana cina tun lokacin. Na sauka moto na buɗe mata hannu, sai ka ce, “Tsaya, ga sabulu.” Gaskiyarka. Na wanke har gwiwar hannu, na cire rigata na sa taka. Kafin in gama ta ɓuya bayan ƙafarka, ta kama wandonka da hannu biyu. Rukaiya ta ce, “Samiha, je ki gaida babanki.” Sai ta ɗaga kai ta dube ka. Kai ta duba, Sidiki. Can anjima na ji tana faɗa wa yaran maƙwabta wai mai kifi ya zo. An yi mata kitso irin naku, ɗan maraƙi ma da fillanci take kiransa. Ta yi kumatu, fatarta ta yi sumul. Na gode Allah, na gode maka, na dawo gida na kasa cin tuwo.

Mutanen Malanville bonane, sabuwar shekarar nasara, suke jira su yi alkawarin barin sigari. Ni tawa shekara yanzu ta kama, ga abin da na ɗaura wa niyya, ina son ka zama shaida.

Zan bar su. Jirgi da taru zan bar wa ƙanena Karimu, in kama noman albasa a garkar nan ta bayan gari. A bakin garkar zan gina ɗaki, inda iska ba ta kawo hayaƙin banda. Tukunya sabuwa, ludayi sabo, kwano sabo. Nafisatu ta yarda za ta bar banda, ko da yake tun tana budurwa sana’arta ke nan. Sannan zan koyi ce wa Inna a’a. Wannan ya fi barin jirgi wuya. Har yau cewa take ɗiyar masunta ba ta ƙin kifi, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan za ta saba. Na ƙarshe, kuma dominsa nake yin sauran: cika-cikin baɗi Samiha a gidan ubanta za ta ci shi.

Sai maganar shara, kyautar da kake tasa ni gaba da ita duk watan ga don kana taubashina. Kwandon bandar da ka saba karɓa bana ba zai zo ba, ka san dalili. Ka faɗi abin da kake so, bawana.

Ubangidanka,
Issufu

Guéné, bayan cika-ciki

Zuwa ga Issufu mai ƙarni.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, tun tana aljihun Latifu kyanwar gidanmu ta san daga Garou ta fito. Muna lafiya. Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce a gasa wa Baba ƙafar da ruwan zafi. Samiha lafiya lau, haƙori ɗaya yana girgiɗi, duk wanda ya shigo sai ta nuna mishi.

Wai kai za ka bar ruwa? Ranar kifayen Kwara za su yi makoki, don ba su taɓa samun wanda ke ba su tsutsa kyauta kamarka ba. Albasa kuwa ta dace da kai, ka samu dalilin kuka ba sai an tambaye ka ba.

Bari in ɗan daina wasa. Tukunya sabuwa ba ta isa ba, ɗan kawu. Mu shekara guda muna koyo. Yajin kasuwa akwai garin kifi a ciki. Wata daddawar ma haka. Mai ƙosan bakin tasha da man da ta soya kifi take suya, in ka tambaye ta sai ta rantse ba haka ba ne. Rukaiya ba ta ba Samiha abin da ba hannunta ya yi ba, kuma duk abin da zai shiga bakin yarinyar sai ya fara shiga nawa. Na zama ɗan ɗanɗano a gidana. Dattawan masallaci har suna ce mini mai bakin gaba.

Maganar ta ɓuya bayana, yaro ne. In ka daɗe ba ka zo wa ɗan maraƙi ba shi ma sai ya shinshina ka tukuna.

Shara kuwa ka huta, bana ba ka da abin biya. Na riga na karɓi sharata, har da ta baɗi da ta baɗin baɗaɗa. Samiha ce. Ta zama tawa, ka je ka haifi wata. Ni na san lokacin barcinta, ni na san waƙar da ake yi mata kafin ta yarda a wanke mata kai. Kai kifi ka sani.

Rukaiya ta sa wa Nafisatu man shanu a kwalba, ka tabbata Latifu bai lashe rabi a hanya ba.

Ubangidanka na gaskiya,
Sidiki

Garou, watan Gani

Zuwa ga Sidiki.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. Man shanu ya iso, an gode. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ya yi yawa, kuma na so zuciyata ta ɗan huce.

Na miƙa wa Karimu jirgi. Baba ya yi fushi, har yau bai huce ba. In na gaishe shi da safe sai ya amsa wa bango. Tun da anka rufe gadar iyaka duk mai jirgi yana ƙetarar da mutane zuwa Gaya yana samun na cefane, ni kuwa ina duƙe ina cirar ciyawa, abokaina in sun wuce suna tambayata ko albasa ta fara cin ƙugiya. Ina yi musu dariya. Irin ya tsiro, siriri kamar gashin jariri. Ɗakin ya kai taga. Inna ta zo ta tsaya ta ce ashe kurkuku nake gina wa jikarta. Na ce, “A’a, Inna.”

Ran kasuwar Guéné da ta wuce na zo sayen taki wajen masu shanu. Na gan ku. Tana bisa wuyanka, ta riƙe kunnuwanka biyu kamar kan moto, in ta ja na dama ka yi dama. Kunka tsaya wajen mai mangwaron damina da lemu. Ka ɓare lemu, ka sa ɓari ɗaya a baki, ka rufe ido, ka jima, sannan ka ce wani abu ka miƙa mata sama. Ita kuwa duk lokacin bakinta a buɗe yake tana jira, ba ta miƙo hannu ba. Wani ya ce maka, “Sidiki, ɗiyarka ta girma.” Ka ce, “Alhamdu lillahi.” Ina bayan buhunan gishiri, na ji da kunnena. Ba ka ce ta ɗan kawuna ce ba. Ban fito ba, don rigar da ke jikina ban tabbata da ita ba, kuma ba na son a miƙo mini sabulu gaban mutanen kasuwa.

Na karanta takardarka har ta fara yagewa a ninki. Na san mu taubasai ne, tun muna yara ba abin da ba mu faɗa wa juna ba. Ka ce mini mai ƙarni, na ce maka ɗan bin wutsiya, ba wanda ya taɓa kwana da shi. Amma “ta zama tawa, ka je ka haifi wata” ba irin wannan ba ne. Wanda ke wasa ba ya lissafa waƙar wankin kai. Kai da Rukaiya Allah bai ba ku ba tukuna, ina yi muku addu’a kullum, amma Samiha aro na ba ku. Aro, Sidiki. Ban karanta wa Nafisatu wannan layin ba, tsallake shi na yi.

Ga ƙulli nan wajen Latifu. Dakuwar aya ce Nafisatu ta yi mata. A kasko sabo ta soya ayar, sukari daga kanti, leda sabuwa. Ta yi wanka kafin ta fara, ni na tsaya a kanta. Ka ba ta da hannunka, ka ce daga ubanta, ka faɗi sunana. Kuma ba sai ka rufe ido ka ɗanɗana ba. Ba guba muke aiko wa ɗiyarmu ba. Sau ɗaya dai a bar wani abu ya je bakinta daga gare ni bai bi ta naka ba.

Issufu

Garou, bayan girbin shinkafa

Sidiki,

Sallama. Muna lafiya. Ban san ko kuna lafiya ba, tunda ba ka ga ya kamata ka faɗa mini ba.

Duk ran kasuwa ina tsayawa bakin hanya in ga Latifu, ya ɗaga mini hannu wofi. Na kira salularka, ko a kashe ko ba ka ɗauka. Jiya na matsa mishi, ya ce ya gan ka a Malanville, kana fitowa daga wajen masu sayar da magani, ya tambaye ka saƙo ka ce babu. Malanville, Sidiki. Daga nan zuwa Garou ko mai keke ba ya gumi.

Nafisatu tana tambayata ko Samiha ta ji daɗin dakuwar. Ina ce mata ta ji. Na fara yi wa matata ƙarya saboda kai.

In maganata ta yi maka zafi ka zage ni, na saba. In kuwa shirun nan nufinsa abin da ka rubuta ba wasa ba ne, ka faɗa mini a fili. Ni mai haƙuri ne, kowa ya shaida. Amma ɗakin ya samu rufi, ƙofa kawai ta rage. Ranar da na sa ƙofa zan ɗauko Baba da liman mu zo gaban Gwaggo, in karɓi ɗiyata. Ba zan jira baɗi ba.

Issufu

Guéné, ran Juma’a

Ɗan kawuna Issufu,

Assalamu alaikum. Kafin komai: Samiha lafiyarta ƙalau. Yanzu haka tana tsakar gida tana faɗa da kaza. Ka sake karanta layin nan sannan ka wuce.

Na yi shiru ne don ban san yadda zan rubuta ba. Na fara na yaga ba sau ɗaya ba.

Da ƙullin ya iso Rukaiya ta ce a ajiye sai ta aika ta tambayi Nafisatu yadda anka yi shi. Na ce a’a. Na ce ubanta ya ce a ba ta, ya ce kada in ɗanɗana, kuma yana ganin ina ƙwace mishi ɗiya, yau ba zan shiga tsakaninsu ba. Munka yi cacar baki, na fi ta murya. Na kira Samiha na ce ga saƙo daga babanki Issufu. Ka san me ta yi? Ta rungume ledar a ƙirji, ta dube ni ta ce, “Ba naka ba ne, kada ka ci mini.” Yarinyar da ba ta miƙa hannu sai na ce bismilla. Ta gudu bayan rumbu ta zauna ita kaɗai.

Dunƙule biyu ta ci. Rukaiya ce ta ji tarin. Leɓe ya tashi, ido ya shige, numfashin nan da ka kwatanta mini na ji shi da kunnena, ba na fatan in ƙara ji. Na saɓa ta na ruga asibitin garinmu. Allah ya sa akwai allurar. Kafin la’asar ta dawo hayyacinta, abin da ta fara tambaya ina sauran dakuwarta. Malanville da Latifu ya gan ni, maganin da anka rubuta na je nema.

Na ci ragowar da kaina, a hankali, ido rufe. Ban ji komai ba, aya ce da sukari. Ko da na ɗanɗana ran nan da na ba ta, kada ka ɗora wa layin nan naka na hana ni ɗanɗanawa laifi fiye da nasa. Rukaiya ce ta zauna tana bin aikin daki-daki. Ta ce kasko sabo, to. Leda sabuwa, to. Sai ta ce, “Dakuwa fa dakawa ake. Da wane turmi?” Kai ka sani. In turmin Inna ne, wanda ake dakan busasshen kifi na miya tun ba a haife mu ba, to ka samu amsa.

Na yi laifi da ban aiko muku ranar ba. Tsoro na ji ka ce na kasa riƙo, kuma na ji tsoron ranar da Nafisatu za ta san hannunta ne.

Maganar shara kuma. Rabinta wasa ne. Ɗaya rabin ba zan yi maka ƙarya ba. Da mutumin nan na kasuwa ya ce ɗiyata, na ji daɗi, na bar shi. Amma kai abin da ka gani daga bayan gishiri kawai ka sani. Ba ka san duk moton da ya tsaya ƙofar gida sai ta leƙa ba. Ba ka san tana faɗa wa yara gulbin Kwara duk na babanta ne ba, wai in ta girma zai ba ta rabi. Mai kifi da ka ji ta ce, taƙama take, su babanninsu shanu kawai gare su. Ranar layya da ka tafi, rigata da ka sa ta hana a wanke. Ni ke tashi in tana tari, ni ke yawo da sabulu a aljihu kamar mahaukaci, sannan ka aiko leda ɗaya ta ce mini ba naka ba ne. Kai kaɗai ke da zuciya?

Ka zo da Baba da liman in kana so, ƙofa a buɗe take, ɗiyarka ce. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ka zo ka shiga ɗakin nan naka ka duba me kuma kunka ɗauko daga gidan Inna.

Sidiki

Garou

Sidiki,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ta tashi. Allah ya saka maka, ya saka wa Rukaiya.

Turmin Inna ne.

Wagga karon ban tsallake layi ba, duka na karanta wa Nafisatu. Ba ta yi kuka ba. Tashi ta yi ta je ta kifa fuskarta cikin turmin, ta jima, ta ɗago ta ce, “Issufu, wallahi ba na jin komai.” Na sa nawa hancin. Itace kawai na ji. Ta wanke shi ran nan har sau nawa, ina tsaye. Mun sayi komai na dakuwar sabo, turmi kuwa ba mu ma gan shi ba, don ba wanda ke sayen turmi a gidanmu, yana nan ne kamar ƙasa.

Na faɗa wa Inna. Ta ce turmin da uwarta ta daka a ciki ba zai cuci jininta ba. Na ce ya riga ya cuta, na faɗa mata yadda numfashin ya yi. Ta shiga ɗaki. Da safe na tarar ta ja turmin da kanta ta kai bayan murhun banda ta kifa shi.

Na shiga ɗakin na duba kamar yadda ka ce. Tabarma daga gida ta fito, randa ma, muciya ma. Na fitar da su. Amma abin da ke ba ni tsoro shi ne wanda ba zan gani ba. Ina iya gane kifi daga motsin ruwa, na gane ka ji daɗin maganar mutumin kasuwa daga yadda kafaɗarka ta tashi, amma hancina ya mutu a kan gidanmu.

Ba zan zo da liman ba. Ga abin da na ƙara a kan niyyata ta bana, kuma ya fi ce wa Inna a’a ɗaci. In na gama, kai za ka zo da hancinka, Rukaiya ta zo da tambayoyinta. Ranar da kunka ce babu, ranar Samiha za ta dawo. In kunka ce akwai, ta zauna. Na san wa na ba alƙalanci. Na ba wanda ba ya son ta dawo. Ba ni da wani hancin.

Kada ka ce mata dakuwar ce. Ka ce zan aiko wata.

Issufu

Garou, bayan cika-ciki

Zuwa ga taubashina Sidiki.

Assalamu alaikum. Barka da sabuwar shekara. Ina fatan kun ci kun cika, kai da Rukaiya da Gwaggo. Mu nan lafiya. Samiha lafiya lau, ba tari, ba ƙaiƙayi. Albasar bana ta yi, ba ta kai yadda na so ba amma ta yi. Baba ya fara amsa gaisuwata, da hanci dai.

Latifu ya ce tun ran da ka kawo ta ba ka fito kasuwa ba, Rukaiya ke aike. Shi ya sa na rubuto.

Akwai abin da ban faɗa maka ba ran da kunka zo dubawa. Rukaiya ta gama tambayoyinta tun hantsi. Wa ya sassaƙa sabon turmin, ina ake ɗebo ruwa, da wane guga, wa ke shigowa. Ta sa anka fitar da faifai ɗaya da igiyar shanya, ta ce ita ta gamsu. Kai kuwa ba ka gama ba. Ka shinshina katifa, ka shinshina ƙofa, ka ɗaga murfin randa, ka fita ka zagaya bayan ɗaki, ka dawo ka sake farawa. Ka durƙusa ka sa kanka cikin turmin har hularka ta faɗa ciki. Nafisatu tana dariya a bayan gyale. Ni ban yi ba, don ina kallon fuskarka. Nema kake ka samu. Kuma da ka ce ka ji wani abu a katifa, ba mai iya ƙaryata ka, sai mu yi shiru mu ƙara shekara. Ka tsaya bakin ƙofa ka ba mu baya, ka ce, “Babu.” Sannan ka ce ƙura ta shiga maka ido. A watan ruwa, Sidiki.

Cika-ciki a nan munka yi, miyar kuka da jelar ragon layya. Inna ta zo. Ta yi wanka, ta sa zanen da ta bari wajenmu, ta zauna nesa kaɗan hannunta cikin cinya. Sau biyu na ga hannun ya tashi zai kai loma bakin yarinyar, sau biyu ta maida shi da kanta.

Sai dai Samiha ta ƙi ci. Tuwo gabanta, baki a rufe. Na ɗebi loma na ci na ce, “Ga shi, ba komai.” Ta ce, “Baba Sidiki ba haka yake yi ba.” Na ce yaya yake yi? Ta ce sai an rufe ido, a jima, a ce bismilla ’yar sarki. To na rufe ido. Na jima. Na ce bismilla ’yar sarki. Ni Issufu, a ɗakin da na gina da hannuna, ina kwaikwayon bawana kafin ɗiyata ta yarda ta ci tuwona. Ta ci har ta yi gyatsa. Kullum yanzu haka nake yi, kuma kullum sai ta ce kai ka fi jimawa.

Wankin kai kuwa yaƙi ne. Ka rubuto mana waƙar.

Yanzu duk moton da ya tsaya bakin garka sai ta ruga ta leƙa. Na san wa take nema. Ba ya mini daɗi, ba zan ce yana yi ba. Jiya na kai ta bakin gulbi daga nesa, inda ba masu banda, na nuna mata ruwan. Ta duba ta duba, ta ce shanun Baba Sidiki za su iya shanye shi.

Sharar bana buhun albasa ce, tana wajen Latifu, ka samu dalilin ido ya yi ja ba sai ka ɗora wa ƙura ba. Amma ka zo da kanka ran kasuwa mai zuwa, kai da Rukaiya, ku kwana biyu. In ka iso kada ka buɗe mata hannu tukuna. Motar Latifu tana ɗaukar banda. Akwai sabulu a bakin ƙofa, ni zan miƙa maka.

Ubangidanka,
Issufu, baban Samiha